Tanon katako: icen shekara 200, kuɗin jaka ɗari biyar

Kullum a labaran rediyo muna faɗin farashin gangar man fetur, muna cewa matatar Zinder an gina ta don tace ganga dubu 20 a rana. To, wace ganga ce wannan? Asalinta tanon katako ne. Da aka fara haƙar mai a Fensilbeniya ta Amurka a 1859, a cikin tanonin katako irin na barasa aka riƙa zuba shi, daga nan awon ganga ya tsaya a lita 159. Yau mai ya koma bututu da tankoki, amma tanon katako bai mutu ba. A Faransa sana'a ce mai tsoka. Abin da suke zubawa a ciki giyar inabi ce, wadda ba tamu ba ce, amma yadda ake ƙera mazubin da yadda ake cinikinsa abin sauraro ne ga duk ɗan kasuwa.

Icen da ake aiki da shi Faransawa na kiransa shen. Ba ya sauri: sai ya kai shekara 150 zuwa 200 kafin a sare shi. Dajin da ya fi suna shi ne Turonse, a tsakiyar ƙasar, wanda minista Kolber ya sa aka tsara a wajen 1670 don sarki ya samu katakon jiragen ruwa. Daga baya jirage suka koma na ƙarfe, masu tano suka ci gajiyar dajin. Wanda ya shuka bai ci ba, wanda ke ci bai shuka ba.

In an sare ice, ba a yanka shi da zarto. Faskara shi ake yi bin jijiya, in ba haka ba tano zai yi yoyo. Saboda haka kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na gungumen kaɗai ke shiga aiki. Sai a jera allunan a fili, rana da ruwan sama su yi ta dukansu shekara 2 zuwa 3, har ɗacin icen ya fita. Ƴan uwa masu sayen kaya su ajiye, ku dubi wannan: jari ne kwance shekara uku bai kawo ko dala ba.

Maƙerin tano yakan haɗa alluna wajen 30, ya ɗaure su da zoben ƙarfe, ya hura wuta a tsakiya yana yayyafa ruwa, har katakon ya lanƙwasa. Babu ƙusa, babu gam a jikinsa; bakin murfi kaɗai ake shafa wa kwaɓaɓɓen garin alkama. Sannan a babbake cikinsa kaɗan ko da yawa, yadda mai saye ya buƙata, domin daga nan ƙamshi ke fitowa. Mata sun san zancen: ruwan sabuwar randa ba ɗaya yake da na bokiti ba. Tanon Bordo na cin lita 225, na Burgoni 228.

Sabon tano na icen Faransa yakan haura jaka ɗari biyar na sefa. Na icen Amurka ya fi araha, domin shi ana iya yanka shi da zarto ba tare da asara mai yawa ba. Bayan shekara 3 zuwa 5 ƙamshin ya ƙare, sai a sayar da tanon hannu na biyu, wasu ma a raba su biyu a shuka furanni. Mafi yawan tanonin da Faransa ke ƙerawa waje ake kai su, Amurka ce babbar kasuwa.

Amma hankalin masu sana'ar ba a kwance yake ba. Shan giyar inabi a duniya ya ragu, a 2024 ya faɗi ƙasa da duk abin da aka gani tun 1961. Fari na raunana dazuzzuka, ga ƴan kasuwar Sin suna sayen gungume ɗanye suna tsadar da shi. Mai tano ya sayi katako da tsada yau, bai san ko nan da shekara uku mai saye zai zo ba. Kuma ko ciniki ya dawo gobe, icen da aka sare a bana sai jikokin jikoki ne za su ga madadinsa.