KOTUN DA KE SA MASHAYA SU NEMI MAGANI

Metamfetamin wani sinadari ne mai hana barci da kashe sha'awar abinci, wanda mashayansa ke yi wa laƙabi da ƙanƙara saboda kamanninsa. Wani masani na ƙasar Japan ne ya fara harhaɗa shi cikin 1893, a Yaƙin Duniya na Biyu kuwa har sojoji aka riƙa ba wa don su kwana a farke. Wanda ya saba da shi yakan yi kwana biyu ko uku bai runtsa ba, ya rame, haƙoransa su lalace, wani ma ya riƙa tsammanin kowa na nufinsa da sharri. In kuɗin saye ya yanke sai sata, daga nan sai gaban alƙali. Kada mai karatu ya zaci abin na nesa ne, gama cikin 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin da ake dafa shi a Ikko.

To, me za a yi da irin wannan mutum? Ɗauri yakan raba shi da abin na ɗan lokaci, amma ba ya cire masa ƙwaɗayinsa. Ran da ya fito sai ya koma wa abokansa na dā, ba da jimawa ba a sāke kamo shi. Wannan kai da kawowa ne ya sa aka kafa wata kotu ta musamman a Mayami ta ƙasar Amurka cikin 1989. Mashayan hodar ibilis aka yi ta dominsu, amma da metamfetamin ya yaɗu sai aka bi da mashayansa ta wannan hanya. Yanzu irin waɗannan kotuna sun haura 3,000 a ƙasar, ƙasar Niyu Zilan ma ta buɗe nata cikin 2012.

Ga yadda abin yake. Mai laifin da shaye-shaye ne ya jefa shi cikin laifi, ba babban dillali ba, sai a ba shi zaɓi: ko gidan yari, ko ya yarda a yi masa magani a ƙarƙashin idon alƙali har shekara guda ko ɗaya da rabi. In ya yarda, zai riƙa zuwa wurin masu ba da shawara, a riƙa auna fitsarinsa kamar sau biyu a mako ba tare da an gaya masa ranar ba, gama alamar sinadarin takan ɓace bayan 'yan kwanaki. Sa'an nan yakan bayyana gaban alƙalin nan a kai a kai. In ya yi abin kirki a yaba masa a bainar jama'a, in ya kauce a tsananta masa, wani lokaci har da kwana ɗaya ko biyu a tsare. Wanda ya kai ƙarshe akan soke ƙararsa ko a sassauta masa hukunci.

Sai dai akwai wata wahala. Mashayin hiroyin akwai maganin da likita zai ba shi ya kwantar masa da ƙwaɗayi, watau metadon. Metamfetamin kuwa har yanzu ba shi da irin wannan. An gwada haɗa magunguna biyu ga mutum 403 a Amurka, aka bayyana sakamakon cikin 2021: kusan kashi 14 cikin 100 suka sami sauƙi, alhali cikin waɗanda ba a ba su ba, bai kai kashi 3 ba. An ci gaba, amma kaɗan ne.

Abin da ya fi amfani shi ne lada. Duk ran da aka auna fitsari aka same shi da tsabta, sai a ba mutum 'yar takardar sayen kaya nan take, ladan kuma ya riƙa ƙaruwa muddin bai koma ba. Jihar Kalifoniya ta fara haka cikin 2023, na mako 24, jimlar kuɗin ba ta wuce dala 599 ba. Lalle wani zai ce, ina dalilin biyan mutum don ya bar abin da doka ta hana? Amsa ita ce, wanda ya daina sha yakan yi makonni, wani ma watanni, ba ya jin daɗin kome, ko abinci ko hira. Ɗan ladan nan ne ke riƙe shi har jikinsa ya farfaɗo, kuma bai kai abin da ake kashewa wajen tsare ɗaurarre ba.

Ya kamata a sani, da yawa ba sa kai wa ƙarshe. A wasu kotunan kuma sai mutum ya amsa laifinsa kafin a karɓe shi, saboda haka in ya gaza, hukuncin nan da aka jingine yana jiransa.