Fitilar Gilashi Mai Launi a Gidan Ƙasa: Zaɓenta da Wurin Kafa Ta

Maginan Hausa na dā sukan tanadi wurin fitila tun suna kan ɗora tubali. A jikin bangon zaure ko na turaka sukan bar wani ɗan gurbi da ake kira alkuki, a nan ake ajiye fitilar aci-balbal, watau kasko da man gyaɗa da lagwanin auduga. Da kananzir ya zo, sai fitilar ƙwai ta gaji wurin. Yanzu kuwa lantarki ya kawo fitilar bango ta gilashi mai launi. Amma fa an ƙera ta ne domin bangon bulo da siminti. Wanda ya kafa ta a gidan ƙasa ba da lura ba, yana iya tsaga bangon da ya gada, ɗakin kuma ya fi dā duhu.

Launin gilashin kirki ba shafe ba ne, a cikin jikinsa yake. Sa'ad da gilashi ke narke ake zuba masa garin ma'adini: kobal yana ba da shuɗi, jan ƙarfe kore ko ja, zinariya kuwa ja mai zurfi. A Turai da darma ake haɗa yankunansa, kamar tagogin babbar majami'ar Shatar ta Faransa, na ƙarni na 13. A Amurka, ma'aikatar Louis Comfort Tiffany (1848–1933) ta shahara da fitilu tun daga shekarun 1890. Ana naɗe bakin kowane yanki da siririn jan ƙarfe, sa'an nan a like su da kuza gauraye da darma. Fitilun bango masu yawa na yau wannan hanya suka bi.

Amma darasin da ya fi amfani ga mai gidan ƙasa yana San'a ta Yaman, tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1986. A can akwai taga mai siffar rabin wata da ake kira kamariyya, daga sunan wata da Larabci. Ana sassaƙa farantin jibsi, a toshe ƙofofinsa da gilashi mai launi. Maginan San'a bisa taga ta sosai suke ɗora kamariyya. Ta ƙasa ita ke ba da hasken gani da iska, ta sama ado ce. Ma'ana, haske mai launi ba ya ɗaukar aikin farin haske, sai dai ya yi masa rakiya.

Dalilin haka a fili yake. Farin haske tarin launuka ne, gilashi mai launi kuwa yana haɗiye mafi yawansu, ya saki nasa kaɗai. Shuɗi da ja mai duhu kaɗan suke saki, rawaya da ruwan zuma sun fi su kyauta. Bango shi ma yana cin rabonsa. Jar ƙasa da makuba suna shanye shuɗi, su mayar da ja da rawaya, saboda haka shuɗiyar fitila a kan jan bango dushewa take yi. Wanda yake son shuɗi ko kore, sai ya nemi bangon da aka shafe da farar ƙasa.

Wajen saye, ƙwanƙwasawa da farce ba ta isa shaida ba, gama gilashin da aka naɗe da jan ƙarfe ba ya amo, har a zaci roba ce. Abin dubawa shi ne nauyi, da sanyin taɓawa, da kuma launi ya zama ɗaya ciki da waje, don na shafe yakan ɓare. Game da zane, waɗansu fitilun suna ɗauke da surar mazari ko tsuntsu, gidajen Musulmi da yawa kuwa ba su son surar mai rai. Zanen kusurwoyi da sarƙa ya fi dacewa da dagi da sauran adon magina. Ƙwan fitila ma abin zaɓe ne. Tsohon ƙwai mai zare yana mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi, wannan kuwa ba abin kusantarwa ga azara da zana ba ne. Ƙwan LED ya fi shi sanyi nesa ba kusa ba.

Kafawa ita ce babbar magana. Bangon ƙasa yana da kauri a gindi, yana sirancewa sama, ba ya kuma riƙe ƙusa. Gilashi da darma suna da nauyi, yau da gobe sai ƙusar ta sukurkuce, ta ɓalle da yaɓe. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a koma ga alkuki: a zaunar da fitilar a ciki, ko a rufe bakinsa da farantin gilashi kamar kamariyya, a bar kafar iska. In ba alkuki, sai magini ya binne guntun azara cikin bango, ya yaɓe, a bar shi ya bushe sarai, sa'an nan a ɗaura fitilar a jikin itacen. Waya a zura ta cikin bututu a bi da ita gefen bango. Kada a sare mata doguwar hanya, balle a jikin bakan gizo, inda azarar da ke ɗauke da rufi take. A waje kuwa kowace huda ƙofar ruwa ce da damina, tilas a nisanci ƙarƙashin indararo.

Turawa sukan kafa fitilar bango wajen ƙafa biyar da rabi daga daɓe, amma da masu zama kan kujera suka auna. Mai zama kan tabarma daga ƙasa yake kallonta, in gindinta a buɗe yake ƙwan zai riƙa kashe masa ido. Sai a zaɓi mai rufaffen gindi da buɗaɗɗen kai, haske ya bugi rufi ya dawo. A zauren da ake karatun allo ko ɗinkin hula, farin haske shi ne tilas, mai launi ƙari ne. A turaka guda ɗaya mai ruwan zuma ta isa. A ɗakin uwargida, in an sa ta daura da jere, kwanonin za su ninka haskenta.

Ƙurar hunturu a share ta da busasshen tsumma, a wanke hannu bayan haka, kada kuma a kafa fitilar inda hannun yaro zai kai, gama darma guba ce. Abin da ya rage shi ne mai gida ya shawarci magini kafin ya kira mai lantarki, domin maginin ne ya san abin da bango zai iya ɗauka.