Launin da Ba a Rina Shi Ba

Duk wanda ya ratsa gonakin noman rani na Bakalori, tun daga Maradun zuwa Talata Mafara har Bakura, ya san irin ƙwarin da ke shawagi a bakin ruwa. A cikinsu akwai wani ƙwaro mai koren baya, wanda in rana ta haske shi sai ya yi ta walƙiya, in ka karkata kai kaɗan kuma ya koma shuɗi. To, wane marini ne ya rina shi? Babu.

Ga yadda abin yake. Hasken rana yana ɗauke da launuka bakwai, waɗanda muke gani a bakan gizo. Rini, kamar na baba da ake yi a marinar Ƙofar Mata ta Kano, shanye wasu launukan yake yi, ya maido wa ido saura. Amma bayan ƙwaron nan ɓawo ne sirara ƙwarai, wani bisa wani. Idan haske ya faɗa musu, kowane ɓawo sai ya maido da ɗan kaɗan. A wajen haɗuwarsu wasu launuka su kashe juna, wasu kuwa su ƙarfafa juna. Haka ne ke faruwa ga kumfar sabulu, da man mota in ya zuba a kan ruwa. Tun a 1665 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya lura da wannan a gashin ɗawisu.

Masana na zamani ba su tsaya ga kallo ba. A Kudancin Amurka akwai wani malam-buɗe-littafi da ake kira Morpho, mai shuɗin fiffike, alhali babu ko ɗigon shuɗin rini a jikinsa. Kamfanin Teijin na Japan ya kwaikwaye shi, ya yi wani zare mai suna Morphotex daga ɓawo 61 na roba, kowanne kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin dubu na gashin kai. Zaren ya ba da launi ba tare da an tsoma shi a karofi ba. A 2023 kuma masu bincike a wata jami'a ta Florida suka nuna wani fenti irin wannan, wanda suka ce abin da bai kai kilo 2 ba ya isa a shafe babban jirgin sama.

Kakanninmu ma sun so sheƙi. Rawanin ɗan Kura da Buzaye ke ƙauna, buga shi ake yi da shuni har ya yi ƙyalli. Sai dai shuni yana zuba a fata, rini kuma yana koɗewa. Launin ƙwaro kuwa yana nan muddin ɓawon bai lalace ba.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, amfanin wannan a fili yake. Ruwan rini na masana'antu dafi ne ga kifi da shuka, mu kuwa da ruwan gulbi muke noma, shi dabbobinmu ke sha. Tufar da ba ta bukatar rini ba za ta ɓata kogi ba. Saboda haka manomi ya yi hattara da feshin magani barkatai, don ba kowane ƙwaro ne ɓarawon amfanin gona ba. Wani malami ne, karatu yake ba mu kyauta. Allah ya ba mu basirar ɗauka, amin.