Zaman makarantar fastoci: wa ke ɗauke da nauyin tukunya?

Duk mai bin kwalta daga Maraɗi zuwa Damagaram ya san Agye, ko da ta tagar mota ce. Ƴan kasuwa sun san ta da hatsi da wake da aya. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa garin yana da makarantar Littafi Mai Tsarki, inda ekklesiyar EERN ta daɗe tana horar da fastoci da masu bishara. Irin waɗannan makarantu ba su da yawa a ƙasarmu, ba su kuma da hayaniya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai mutum 1 cikin 100 ba a Nijar. Duk da haka, jama'a masu karatu, da yawanku kun auna musu tiya, kun sayar musu da gishiri da kanwa, wata ma ta ba matansu bashin man gyaɗa ba tare da ta san inda za a soya da shi ba. Shi ya sa muka ga ya dace yau mu leƙa da ku cikin irin zaman da ake yi a bayan wannan danga.

Tushen abin ya daɗe. Ƴan mishan na SIM, ƙungiyar da aka kafa a 1893, sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe mazauni a Tsibirin Gobir a 1927. Su ne suka gina likitar Galmi a 1950, da ta masu cutar kuturta a Danja a 1956. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, kuma da Hausa aka riƙa koyar da masu bishara na farko, a lokacin da Faransanci ne kaɗai ke buɗe ƙofar ofis. Wannan zaɓi ya yi amfani, ya kuma yi tsada. Ɗalibi ya fito yana iya wa'azi da harshen da tsohuwa a ƙauye ke ji, amma takardarsa ba ta kai shi ga albashin gwamnati ba. Daga baya aka buɗe karatun tauhidi mai zurfi da Faransanci a Yamai, wasu kuma sukan ƙetara Najeriya, zuwa Kagoro ko Jos ko Bukuru. Makarantar karkara ta tsaya a kan abin da aka san ta da shi, wato karatu da Hausa a gefen gona.

Gida guda ake tasowa

Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne ɗalibin ba shi kaɗai yake zuwa ba. Mafi yawa magidanta ne. Mutum ya bar gonar gado a hannun ƙane, ya ɗauko mata da ƴaƴa da turmi da tukwane da ƴan awaki in yana da su, a ba shi ɗaki da ɗan tsakar gida a jere da na wasu. Shekara uku ko huɗu ke nan. Bagobiri ya yi maƙwabtaka da Ba'are, Bakatsine da mutumin Damagaram, wani lokaci har da Bafillace ko Bagurme wanda Hausarsa ta kasuwa ce, sai a nan zai gyara ta.

Da asuba ake haɗuwa a yi sujada, a yi waƙa da addu'a. Daga nan maza su shiga aji: Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, tarihin ekklesiya, yadda ake tsara wa'azi, yadda ake ɗaura aure da binne mamaci, yadda ake riƙe littafin kuɗin baiko. Wannan darasi na ƙarshe, a ganinmu, ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci, don fastoci da yawa ba tauhidi ne ke kayar da su ba, lissafi ne. Rana na yin sanyi sai a aje alƙalami a ɗauki hauya, ko a tafi ɗiban ruwa, ko gyaran danga.

Wanda ya yi karatun allo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Barin gida don neman ilimi, noma don ciyar da kai, zama a gaban malami shekara da shekaru, duk mun san su. Kalmar almajiri ma ita ce Littafi Mai Tsarki na Hausa ke kiran mabiyan Annabi Isa da ita. Bambancin da ke akwai shi ne wannan almajirin ya zo da bakuna biyar ko shida da ke jiran tuwo.

Daga ina hatsin ke fitowa? A ƙa'ida, majami'ar da ta turo ɗalibi ita ke da alhakin taimaka masa. To amma majami'ar ƙauye mai gida goma ko ashirin, manoma ne duka, abin da za ta iya bai wuce ƴan dammuna bayan girbi ba. In damina ta yi kyau, a aiko. In ta yi gardama, sai a aiko da gaisuwa. Kowa na tuna 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, lokacin da buhun hatsi ya doshi jika 30 a kasuwannin jahar Maraɗi. A irin wannan shekara, mai rumbu ma ya ji a jikinsa, balle wanda ya baro rumbunsa a wani gari. Ɗalibin da ya kasa ciyar da gidansa, komai ƙoƙarinsa a aji, tattara kaya yake yi ya koma, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Shi ya sa gona ba ado ba ce a waɗannan makarantu. Ƴan mishan sun gane haka da wuri, har suka yi makarantar noma a Maza Tsaye, kusa da Maraɗi. A yankin nan ne kuma Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da SIM a wancan lokacin, ya fara yaɗa sassaben zamani a 1983, wato barin kututturan itace su toho a gona maimakon a tuge su. Yau manoman Agye na cikin waɗanda suka fi amfana da wannan dabara, Musulmi da Kirista. Malaman makarantun kan tuna wa ɗalibai cewa Manzo Bulus da kansa sana'ar ɗinkin tanti ya riƙe don kada ya zama kaya a kan kowa.

Amma mu faɗi gaskiya, iyayenmu mata. Tsakanin girbi da girbi, wadda ke riƙe da gidan ɗalibi matarsa ce. Ita ma tana da nata aji: karatu da rubutu in ba ta yi lakwal ba, nazarin Littafi, kiwon lafiyar yara, ɗinki ko saƙa, da yadda za ta ja ragamar zumuntar mata idan an tura mijinta aiki. Sai dai tana shiga ajin nan da goyo a baya, bayan ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta sallami ƴan lakwal. In ta fito, sai ta hura wutar ƙosai ko ta zauna matsar gyaɗa, ta fid da mai da ƙuli-ƙuli, ta kai bakin hanya ko ta ba yarinya talla. Ribar dala ashirin, dala talatin, ita ce kuɗin cefane, ita ce kuɗin sabulu, ita ce kuɗin maganin masassara. Matan sukan yi adashe a tsakaninsu, irin tsarin da kuka sani na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta faro a jahar Maraɗi a 1991. Wadda kwasarta ta zo ta sayi tunkiya ta ɗaure, ta jira babbar salla ta sayar. Ragon layyar wani Alhaji, ba mamaki a gidan ɗalibin fasto ya yi ƙiba.

Matsalar ita ce kasuwar cikin danga ƙarama ce. Gida ashirin ba za su sayi ƙosan mata goma ba. Dole a fita gari, kuma a gari masu ciniki Musulmi ne. A nan ne ake gane ko mace ta iya zama da mutane: gaisuwa, zuwa barka da ta'aziyya, cika mudu, biyan bashi ranar da aka ce. Mu a ganinmu, abin da matan nan ke koya a bakin kasuwa ya kai darajar abin da mazansu ke koya a aji. Ranar bikin sallama kuwa, sunan maigida ne ke gaba, shi ake ɗora wa hannu a yi masa addu'a. Ya kamata shugabannin ekklesiya su riƙa lissafa gumin da ya kai shi wurin.

Zo mu zauna

Kada a ɗauka zaman lafiya lau ne kullum don ana karanta Littafi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Akuyar wani ta shiga wake, yara sun yi faɗa a bakin famfo, an ara turmi ba a maido ba, wani na samun aike daga ɗan'uwa a birni yana cin shinkafa, maƙwabcinsa na kwana da kunu. Ƙamshin miya ba ya sanin danga. A gari, in ka yi fushi da mutum sai ka canza hanya. A nan gobe da asuba kuna zaune a benci guda, kuma wataƙila kai ne aka sa ka ja addu'a. Shugaban ɗalibai ko dattijon malami ya kira ku, a zauna, a kashe maganar. Wanda ya kasa haƙuri da maƙwabcin ɗaki, ta yaya za a damƙa masa gari guda? Malamai suna lura da wannan fiye da yadda ɗalibai ke zato.

Ranar Lahadi ake gwajin aiki. Ɗalibai su watsu a ƙauyukan kewaye, da keke ko da ƙafa, su yi wa'azi a ƙananan majami'u, wasu rumfar kara ce kawai. Su dawo a yi musu gyara: kai ka yi tsawo, kai ka yi ta faɗa kamar mai rikici da jama'a, kai kuma ba a ji ka daga baya ba. Mu ma'aikatan rediyo mun san zafin irin wannan gyara.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a allo ba, amma kowane ɗalibi na ɗauke da shi a zuci. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu. A Yuni 2019 an sake ƙona wata majami'a a Maraɗi. Wanda ke karatun fasto ya san gidansa yakan kasance a jikin majami'a, da ƴaƴansa a ciki. Ya kuma ji labarin yadda a 2015 maƙwabta Musulmi suka ɓoye iyalan Kiristoci a ɗakunansu har ƙura ta lafa. Irin wannan maƙwabtaka ba a ƙulla ta ranar tashin hankali. Tun daga awo da bashi da gaisuwar safe take farawa.

Idan shekarun sun cika, shugabannin ekklesiya ne ke faɗin inda za a tura mutum, kuma sau da yawa ba garinsu ba ne. Abin da zai samu a wata ya danganta da baikon ƴan majami'ar, wani wuri da hatsi ake biya. Kafin tashi, uwargida ta zagaya kasuwa ta biya mai gishiri da mai gyaɗa, ta karɓi ragowar kuɗinta na adashe, ta sayar da abin da mota ba za ta ɗauka ba. A sabon gari sai ta sake daga farko: ta gano ranar kasuwa, ta ga abin da ba a soyawa a unguwar, ta nemi wadda za ta fara ba ta awo bashi. Ɗakin da suka bari kuwa, da ƴar gonar da suka zuba wa taki shekara uku, a share su a miƙa wa iyalin da ke tafe.