Kwana Biyu a Bakin Kogin Darling

Kogin Darling yana ratsa busasshiyar ƙasar da ke yammacin jihar New South Wales a Ostireliya, tsawon kusan kilomita 1,470, kafin ya haɗu da kogin Murray a garin Wentworth. Mutanen Barkindji, waɗanda suke zaune a gaɓarsa tun dubban shekaru kafin zuwan Turawa, Baaka suke kiransa. Ɗaya daga cikin wuraren da ake zuwa kwanan daji a ƙarshen mako shi ne gandun Kinchega, kusa da ƙaramin garin Menindee, kimanin kilomita 110 daga Broken Hill. A da makekiyar gonar kiwon tumaki ce, har yanzu rumfar askin ulun da aka gina a 1875 tana tsaye, sai a 1967 gwamnati ta mayar da wurin gandun daji.

Lokacin zuwa shi ne abu na farko. Yanayin yankin ya saɓa da na arewacin duniya: daga Disamba zuwa Fabrairu zafi kan wuce digiri 40, don haka masu hankali sukan jira watannin Mayu zuwa Satumba, sa'ad da rana take da sauƙi, dare kuwa da sanyi mai ratsa ƙashi. Hanyoyin gandun ba su da kwalta. Wasunsu baƙar laka ce irin ta fadama, wadda yayyafi kaɗan ke mayarwa tarko, ta liƙe wa taya har mota ta kasa motsi. Shi ya sa hukuma ke rufe su da zarar an yi ruwa, kuma wanda ruwan ya tarar a ciki sai ya jira ƙasa ta bushe.

Guzuri ba abin wasa ba ne. Ana ɗaukar ruwan sha daga gari, da itacen wuta, domin an hana tsintar itace a gandun. Busassun rassan da ke ƙasa maɓoyar ƙadangaru da ƙwari ne. Layin waya yakan ɗauke, saboda haka wasu kan riƙe wayar tauraron ɗan Adam, kuma a bar saƙo wurin wani kan ranar dawowa. Idan maciji ya sari mutum, ana naɗe ƙafar ko hannun da bandeji tam, a hana shi tafiya, a nemi taimako. A irin waɗannan wurare likitocin da ke zuwa ta jirgin sama ne madogara, aikin da John Flynn ya assasa a 1928.

Zaɓen wurin kafa tanti yana da dabara. Manyan itatuwan turare na bakin kogin suna da inuwa mai jan hankali, amma sukan yar da ƙaton reshe ba iska ba gargaɗi, don haka ba a kwana ƙarƙashinsu. Da yawa ma ba sa kafa tanti, sai su shimfiɗa swag, wato katifa mai rufin tamfol da ake naɗewa da safe. Da rana ƙudaje ne ke addabar ido da baki, da magariba sauro ya karɓa. Babu kada a nan. Suna can arewacin ƙasar.

Kamun kifi shi ne babban nishaɗi, kuma sai da lasisi. Kifin Murray cod, wanda kan girma ya wuce mita ɗaya, ba a kama shi daga Satumba zuwa Nuwamba saboda lokacin ƙwai. Sai dai kogin kansa yana cikin wahala. A ƙarshen 2018 da farkon 2019, fari ya sa kifaye masu ɗimbin yawa suka mutu a Menindee, a Maris na 2023 kuma miliyoyi suka taso saman ruwa a mace bayan ambaliya ta ja baya iskar cikin ruwan ta ragu. Mazauna yankin sun daɗe suna kukan yawan ruwan da gonakin auduga ke ɗiba a can sama, kuma kukan nasu yana da tushe.

Ranar Lahadi ana kashe wuta da ruwa, ba da ƙasa ba, domin garwashin da aka binne kan daɗe da zafi. Ana kwashe shara a tafi da ita, a kama hanya da sauran rana, saboda da almuru ne kangaru da jiminar emu ke yawan faɗowa gaban mota.