Haƙoran nono da haƙoran manya

Wata rana ɗaya daga cikin ɗalibanmu ta zo aji da ɗiyarta ƴar shekara 8. Kuncin yarinyar ya kumbura, kwana biyu ba ta yi barci ba. Na tambayi uwar ko ta kai ta gidan likita. Ta ce: "A'a malam, ai haƙorin nono ne, da kanshi za ya faɗi." Da aka kai ta, sai likita ya ce ba na nono ba ne, babban turmi ne na can ciki, kuma ya ruɓe ƙwarai. Dole aka cire shi. Wani ba ya sake tsirowa a wurin har abada. Uwar ba sakaci ta yi ba, rashin sani ne. To, bari mu duba bambancin.

Ɗan Adam sau biyu kawai yake yin haƙora. Na farko su ne haƙoran nono. Suna fara tsirowa wajen wata 6, galibi biyu na gaba na ƙasa su ke fara leƙowa. Kafin yaro ya cika shekara 3 sun cika 20: 10 sama, 10 ƙasa. Na biyu su ne haƙoran manya, su 32 ne. Wajen shekara 13 yaro ya samu 28. Sauran 4 na ƙurya sai tsakanin shekara 17 da 25 su ke fitowa, wasu mutane ma ba su yin su sam.

Mi ya sa ba a haifuwar mu da manyan tun farko? Muƙamuƙin jinjiri ƙarami ne, ba ya ɗaukar su. Kuma haƙori in ya fito ba ya ƙara girma kamar hannu ko ƙafa. Shi ya sa sai an canza.

Haƙoran nono ƙanana ne, farare tas. Na manya sun fi faɗi da tsawo, kuma farinsu ya ɗan ja zuwa ruwan ƙwai. In kun ga sabon haƙorin yaro bai kai na kusa da shi fari ba, kada ku damu, ba dauɗa ba ce. Haka nan bakinshi mai kama da na zarto, cin abinci za ya daidaita shi.

Babban bambancin yana ciki, inda ido ba ya gani. Kowane haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje, can ciki kuma akwai jijiya da hanyoyin jini. Ɓawon haƙorin nono siriri ne, jijiyarshi tana kusa. Shi ya sa in ruɓa ta kama shi, nan da nan ta kai ga jijiya, yaro ya kama kuka. Alawa, shayi mai sukari da yawa, da lemun kwalba su ne ke kawo wannan ruɓa, musamman in yaro ya kwanta bai wanke baki ba.

Mutane da yawa na cewa haƙorin nono ba ya da saiwa, don in ya faɗi ba a ganin ta. Yana da ita. Babban haƙori yana kwance ƙarƙashinshi cikin dasashi. In lokaci ya yi sai ya dinga turowa, saiwar na sama tana narkewa kaɗan-kaɗan, har haƙorin ya yi girgiɗi ya faɗi. Wannan shi ne famfara. Tana farawa wajen shekara 6, ta ƙare wajen shekara 12. Muna yara ana ce muna mu rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, wai haƙorin ba ya fitowa. Ƙadangare ba ruwanshi, haƙorin ya daɗe yana jiran lokacinshi.

Tunda babban yana kwance ƙasa, ciwon ƙaramin yana iya shafar shi. In haƙorin nono ya yi mugunya, babban na iya fitowa da tabo. In kuma ya fita tun lokaci bai yi ba, na kusa da shi su kan matso su tare wurin, sai babban ya fito a karkace. Turamen nono na baya sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12 su ke faɗuwa. Kun ga yaro ɗan shekara 4 mai ruɓaɓɓen turmi, in an ce a jira famfara, shekara nawa za ya yi yana shan wahala?

Yanzu mu koma ga haƙorin yarinyar nan. Wajen shekara 6 akwai manyan turame 4 da ke tsirowa can bayan haƙoran nono, biyu sama, biyu ƙasa. Ba su kayar da kowane haƙori kafin su fito, shi ya sa iyaye ba su lura da su. Ga yadda za ku gane su. Ku sa yaro ya buɗe baki cikin haske. Ku fara ƙidaya daga tsakiyar baki zuwa ciki, gefe guda. Haƙoran nono 5 ne kowane gefe. In kun ga na 6, to na manya ne.

Wannan na 6 shi ya fi son kulawa, don samanshi yana da ƴan ramuka inda tuwo da alawa ke maƙalewa, kuma asawakin yaro ba ya kai can. Uwa ko uba su taimaka mishi safe da dare, da asawaki ko buroshi da ɗan man goge haƙora. In kun ga baƙin ɗigo ko rami a kanshi, ku kai yaro gidan likita tun ciwo bai fara ba. A lokacin nan ana iya share ramin a toshe shi, haƙorin ya zauna wurinshi.