Idan Gona Ta Buɗe Ƙofa ga Baƙi

A Turai da Amurka akwai manoman da ba da amfanin gona kaɗai suke ci ba. Suna karɓar kuɗin ƙofa daga iyaye da 'yan makaranta masu zuwa ganin dabbobi, su ba 'yan raguna madara a kwalba, su hau tirelar tarakta a zaga da su. Italiya ta yi wa wannan sana'a doka tun 1985, a Birtaniya kuwa tun 2006 ake ware wata Lahadi a kowace shekara da ɗaruruwan gonaki ke buɗe wa jama'a ƙofa. Sai dai gona wurin aiki ce, ba don baƙo aka tsara ta ba, kuma daga nan duk rigimar doka ta samo asali.

Haɗarin da ido ke gani bai cika ba manomi wahala ba. Ramin taki a rufe, rijiya a kewaye, maganin ƙwari a kulle a ɗaki, bijimi da saniya mai sabon maraƙi a nesanta su da hanyar mutane, tarakta kuma kada ta yi baya-baya inda yara ke wasa. Wanda ido ba ya gani shi ne ya sa aka sake duba dokokin gaba ɗaya.

A watannin Agusta da Satumba na 2009 mutum 93, yawancinsu ƙananan yara, suka kamu da ƙwayar cutar E. coli O157 bayan ziyarar gonar Godstone da ke Surrey, kudu da Landan. A cikinsu 17 cutar ta taɓa musu ƙoda, wasu har sai da aka yi musu wankin ƙoda. Wannan ƙwaya tana zama a hanjin shanu da tumaki da awaki ba tare da dabbar ta nuna alamar ciwo ba. Tana fita a kashi, ta manne a gashin dabba, a ƙarfen shinge, a tafin takalmi da tayar keken jariri. Kaɗan ƙwarai daga cikinta ya isa ya kwantar da yaro, kuma gudawar ba ta bayyana sai bayan kwana uku ko huɗu, lokacin da wasu ɗaruruwan yaran sun riga sun bi ta wurin.

Mai karatun da ya tashi a gidan da akuya ke kwana a bakin ɗaki zai iya cewa wannan shagwaɓa ce ta Turawa. Ba haka ba ne. Ɗan shekara uku da bai taɓa ganin tunkiya ba zai rungume ta, ya sumbace ta, ya mayar da yatsa baki, uwarsa kuma tana ɗaukar hoto don ita ma ba ta san komai a kai ba. Manomi ne kaɗai a wurin ya san abin da ke ƙarƙashin ciyawar da aka shimfiɗa.

Kwamitin binciken da Farfesa George Griffin ya jagoranta ya fitar da rahoto a Yuni 2010. Abin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne cewa dogaro da wankin hannu kaɗai bai isa ba. Dole a tsara gonar yadda baƙo ba zai taka kashi ko ya taɓa shi ba tun farko. Ƙa'idojin da aka bi daga baya sun ginu a kan haka. Wurin taɓa dabbobi daban, wurin cin abinci da filin wasa daban, kuma hanyar fita daga na farko zuwa na biyu tilas ta bi ta gaban famfo da sabulu. Man shafawa na tsaftace hannu ba ya maye gurbin ruwa da sabulu, domin ba ya aiki a hannu mai datti, kuma ba ya kashe ƙwayar kiriftosiforidiyum da 'yan raguna da maruƙa ke yaɗawa. Mata masu juna biyu ana hana su kusantar tumakin da ke haihuwa, saboda cututtukan da ke sa tunkiya ɓari suna iya sa mace ɓari.

To, idan abu ya faru, wa zai biya? A Ingila dokar 1957 ta ɗora wa mai wuri nauyin kula da lafiyar duk wanda ya shigo da izininsa, ta kuma faɗa ƙarara cewa ya sa ran yara ba za su yi hattara kamar manya ba. Wannan tunani ya girmi dokar. A 1921 kotun ƙoli ta lokacin ta duba ƙarar da aka kai hukumar birnin Glasgow bayan wani yaro ɗan shekara 7 ya ci 'ya'yan itace masu guba a lambun shaƙatawa ya mutu, ta ce abin da ke jan hankalin yaro tarko ne idan ba a kewaye shi ba. Ɗan rago mai laushin gashi ma haka yake. A 1977 kuma an yi dokar da ta hana mai kasuwanci kafa allo ya ce ba ruwansa da rauni ko mutuwar da sakacinsa ya jawo. A batun Godstone gonar ba ta yi jayayya da alhakin ba, kuma a 2013 babbar kotu ta ƙi yarda a raba nauyin diyya da hukumar kare lafiya da ƙaramar hukumar yankin. Ko da jami'an hukumomin sun yi jinkiri, hakan bai sauke wa mai gona nauyinsa ba.

Amurka ta bi wata hanya. Jihohi da yawa sun yi dokokin da ke kare manomi daga ƙara a kan haɗarin da ba ya rabuwa da gona, kamar harbin doki, ko tuntuɓe a kunya. A North Carolina, da ta yi tata a 2005, sharaɗin shi ne a kafa allon gargaɗi a mashiga, da baƙaƙen haruffa masu tsawon inci ɗaya aƙalla. Manomin da bai kafa ba ya rasa kariyar. A ganina wannan tsari yana da hujja, domin in ba shi, tsoron ƙara zai sa ƙananan gonaki su rufe ƙofa. Rauninsa kuwa a fili yake: masu shan wahalar cutar ba su kai shekarun karanta allo ba. Ko a can ma kariyar tana da iyaka, don yawancin dokokin ba sa rufa wa manomin da ya san da haɗari ya yi biris asiri.

Saura inshora, inda manoma da yawa ke yin kuskure. Takardar da ke kare gona a matsayin wurin noma sau da yawa ba ta haɗa da baƙi masu biyan kuɗin shiga ba, sai an sanar da kamfanin an ƙara sharaɗi. Kamfanin kuma zai nemi ganin rubutaccen bayanin haɗarurrukan gonar da matakin da aka ɗauka a kan kowanne, da littafin da ke nuna ranar da aka kwashe kashi, aka wanke shinge, aka horar da ma'aikata. Waɗannan takardu su ne abin da lauyan iyaye zai fara tambaya idan magana ta kai kotu.